Jirgin Auta da Dutsen Shanya

Abin da zan faɗa ya faru ne bayan annobar nan da aka rufe masallatai aka hana musafaha, a shekarar da man fetur ya yi tashin da masu injin ban-ruwa suka riƙa kallon tumatir yana bushewa a gona. Amma tushensa ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Yana can zamanin da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, aka kuma shiga farin nan da Fulani suka riƙa gangarowa daga arewa da shanu ƙashi da fata. A tsakanin waɗannan biyun aka tashe mu daga garinmu, ruwan Tiga ya hau kansa. Ni ban san lissafin shekarun boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Duk wanda ya isa, da na ambaci waɗannan ya san lokacin.

Autana yana aiki a Legas. A ƙaramar Sallar shekarar ya zo gida da matarsa, ana tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Aminiyata tana nan, wadda muka taso tare tun a tsohon gari. Ƙanen marigayi mijina ma ya shigo da kifi karfasa a kwando. Yara suna ce masa Baffa, ni ma da girma ya zo sai na bi bakinsu. Manomi ne ɗan manomi, ruwa ne ya mai da shi masunci, kamar yadda ya mai da rabin mazan garinmu.

Sai surukata ta ciro waya ta ce za ta nuna mana inda suka je hutu. Ta ce jirgin ruwa suka shiga a can ƙasar Turawa, suka yi kwana da kwanaki a kan teku.

Aminiyata ta kanne ido ɗaya, ta kai wayar har bakin hancinta. Ta ce, “Ke yarinya, wannan ai gari ne. Ina jirgin?”

“Shi ne jirgin, Iya. Bene a kan bene. Akwai kasuwa a ciki, akwai asibiti, akwai wurin wasan yara.”

“To ina ya nufa?”

Auta ya ce, “Ba inda ya nufa, Iya. Zagayawa yake yi. Ya tsaya a wannan gari a sauka a yi kallo, ya tsaya a wancan, sannan ya komo inda ya taso.”

“Ba fatauci?”

“Babu.”

“Ba biki, ba ta'aziyya, ba Makka?”

“Hutu ne kawai.”

Ta ajiye wayar a cinya ta ce, “A garinmu, wanda ya fita ya yi ta zagaye ya dawo ba abin da ya kai ba abin da ya kawo, rubutu ake nema masa ya sha.”

Aka yi dariya. Baffa ya karɓi wayar ya ce shi tambayarsa ɗaya ce, wane irin kifi suka kama. Da aka ce masa ba a kamun kifi a jirgin, sai ya riƙe baki. Ya ce duk wannan ruwa, duk waɗannan ƙarti, a rasa mai jefa ƙugiya ko ɗaya? Surukata ta nuna masa wani tafki da aka gina a saman jirgin, mutane suna wanka a ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ruwa gaba, ruwa baya, bai ishe su ba sai da suka ɗora wani a ka.”

Matan maƙwabta suka ji hayaniya suka shigo, tambaya ta yi ta zuwa ta ko'ina. Wata ta ce ina alƙibla tunda jirgi juyawa yake yi. Auta ya ce waya tana nunawa, kuma ya tambayi malami kafin su tafi, an ce masa ya fuskanta daidai lokacin kabbara, sauran Allah ya san niyya. Wata ta ce me ake ci. Surukata ta ce abinci ba ya yankewa, ka ci ka tashi ka dawo ba mai kallonka, amma su kifi da shinkafa da 'ya'yan itace suka tsaya a kai don gudun shubuha, kuma ba don ƙullin yajin da ta ɓoye a jaka ba da yunwa ta kashe ta a tsakiyar abinci. Wata ta ce jiri fa? Ta ce ranar farko ta yi amai har ta yi nadamar zuwa, daga baya jiki ya saba. Masu cewa almubazzaranci ne suna faɗa, masu cewa ina ma su ne suna faɗa.

A raina ban ga laifinsu ba. Yaron nan tun yana ƙarami yake aiki, in ya ce zai huta a kan ruwa ko a kan reshe, guminsa ne.

Sai aminiyata, wadda bakinta ba ya da linzami tun muna 'yan mata, ta ce, “To in mutum ya cika a can tsakiya fa? Jefa shi ake yi?”

Auta ya ce a'a, akwai ɗakin sanyi, ana ajiye shi har a kai gaɓa a miƙa wa danginsa.

Ta ce, “To madalla. Don dai ba daɗi a bar mutum a ƙarƙashin ruwa.”

Tana faɗa ta ankara. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran ɗankwali.

Auta bai lura ba. Ya matso kusa da ni yana murmushi ya ce, “Inna, ai shi ya sa muka nuna miki. Baɗi in Allah ya kai mu da ke za a je. Na riga na yi niyya. Ɗaki mai taga zan kama miki, ki zauna kina kallon teku, ba girki ba shara.”

Na ce, “Me ke ƙarƙashinsa?”

“Ƙarƙashin me?”

“Ruwan.”

Ya yi dariya. “Ruwa ne, Inna. Sai kifi, sai yashi.”

Na ce, “Ka je da matarka. Ni ba na hawa kan ruwa.”

Nan fuskarsa ta canza. Ya ce, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, “Inna, duk abin da na kawo sai ki ce a'a. Na ce ki dawo Kano kin ƙi. Na ce ki zo Legas kin ƙi. Kin hau jirgin sama kin je Makka ko gezau ba ki yi ba. Amma ga ruwa nan a bayan gidanmu, tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙafarki a kwale-kwale ba. Biki a tsallake, kowa ya shiga jirgi, ke sai kin zagaya ta Tudun Wada a mota. In tsoro kike ji ki faɗa mini.”

Na ce, “Ni? Tsoro? Na haife ku a ɗaki ba a ji muryata a zaure ba, yau kai za ka kira mini tsoro?”

Baffa ya juye kifinsa a kwano, ya ɗauki kwandonsa ya fita ba sallama. Mata suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da Auta bai sani ba. Yana ɗaukar babban wansa shi ne ɗan farina, kuma bai taɓa tambayar kansa me ya sa nake kiran wan nasa da sunansa gatsau ba. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. In yana kuka sai ta kau da kai har wata ta ce, ke ɗauki yaron nan mana. Kunya ce, da ita ake gane 'yar gidan mutunci, kuma ni na riƙe ta fiye da kowace mace a unguwarmu.

Haihuwata ta fari mace ce. Ta fara tafiya, ta fara cewa ruwa, ta fara bin kaji. Tana bina duk inda na sa ƙafa, ni kuwa in da ido a kanmu sai in ce a janye mini yarinyar nan. Sai mun shiga ɗaki mu biyu nake ɗora ta a ƙirji in shinshina kanta. Ko a can ban kira sunanta ba, don bangon ɗakinmu da na uwar mijina ɗaya ne. Ƙyanda ta shigo gari da rani ta kwashi yara, ta haɗa da ita. Da safe aka naɗe ta a 'yar tabarma maza suka fita da ita. Mata ba sa bin gawa, sai na zauna. Ban yi kuka ba. Na tashi na ɗora ruwa na dama wa masu gaisuwa kunu. Tsofaffi suka yi ta yabona, har ana kawo ni misali ga amare. Ba zan ɓoye ba, yabon ya yi mini daɗi, har yau kuma ban ce al'adar nan banza ce ba. Da ita aka raine mu muka zama mutane.

Ban tambayi mijina inda aka sa ta ba. Shi ma 'yar farinsa ce, kunyar da ke kaina tana kansa. Na ce a raina akwai lokaci, wata rana zan bi ta gefen maƙabarta da sunan neman itace in tambayi wani. Kafin wata ranar ta zo sai ga ma'aikata da ƙarafunan awo suna kafa turaku. Aka ce ruwa zai zo. Muka kwance jinka, muka ciri ƙyaure da azara, muka ɗora turmi da tukwane a kan jakuna da motocin da aka kawo. Dangi suka watse. Wasu suka yi Dangora, wasu Ɗansoshiya, ƙanwar uwata ta bi mijinta can gindin duwatsun Doguwa. Mu muka tsaya kusa, a tudun da aka nuna mana. Kowa ya ɗauki abin da zai ɗauku. Matattu ba sa ɗaukuwa.

Ruwan bai zo da gudu ba. A hankali ya riƙa hawowa, yau ya ci fadama, gobe ya ci gonar wane, har ya shafe rijiya da masallaci da kukar kasuwa. Tun daga ranar na ce ƙafata ba za ta bi ta samansa ba. Ko a tudu ba a taka kabari. Ni da ban san inda take ba, duk inda jirgi ya bi da ni sai in ga kamar ta kanta na wuce.

Mijina ya rasu ban tambaye shi ba. Mazan da suka fita da ita suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Baffa. Shi ma a shekarar tari ya kama shi, ido ya fara hazo, 'ya'yansa sun fara hana shi shiga ruwa. Da na ga yadda ya ɗauki kwandon nan ya fita, kafaɗa ta ranƙwafa, sai na gane in ya tafi, ba sauran mai nuna wurin a bayan ƙasa.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na tafi gidansa. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinkin komar kamun kifi. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar da aka kawo ni gidansu, ba ma haɗuwa bai tsokane ni ba.

Ya ce, “A'a, uwargida da kanta? Ko kin zo biko ne?”

Na ce, “Wa zai yi bikon tsoho mai warin kifi?” Na zauna a kan turmin da ke gefe. Na daɗe ina kallon zaren da ke hannunsa. Sannan na ce, “Yarinyar nan. Kana cikin waɗanda suka kai ta.”

Ya ajiye komar. Wasan ya bar fuskarsa gaba ɗaya. Ya ce, “Ni na ɗauke ta, Yaya.” Bai taɓa ce mini Yaya ba sai ranar.

“Za ka gane wurin?”

“Kullum ta nan nake wucewa. Na ɗauka ba za ki taɓa tambaya ba.” Ya yi tari ya share baki. “In za ki, to yanzu ne. An saki ruwa don masu noman rani, ya ja baya, kan Dutsen Shanya ya fito. Da damina ta sauka zai nutse, ni kuma ban san ko zan ga wata bazarar ba.”

Na biya ta wurin liman na tambaye shi. Ya ce addu'a tana isa ko daga cikin ɗaki. Na ce na sani, malam, ba don addu'ar ta isa zan je ba. Sai ya ce Allah ya kai ku lafiya.

Da na koma gida na kira Auta ɗaki. Tun jiya yake ɗaure da fuska. Na ce, “Ka ce kana so ka sa ni a jirgin ruwa. To gobe za ka sa ni, amma na Baffanka.” Na faɗa masa yana da yaya mace da bai sani ba. Ya ce, “Yaya sunanta?” Na ce ya je ya nemo mini takalmin roba.

Da safe muka sauka bakin ruwa. Aminiyata ta raka mu tana dogara sanda, ta zauna a kan wani jirgi da aka kife ta ce ita nan za ta jira, in mun nutse ta kai labari. Surukata ta tsaya kusa da ita. Auta ya naɗe ƙafar wando ya riƙe hannuna. Da na sa ƙafa a kwale-kwalen sai ya yi lilo, na damƙe gefensa da hannu biyu. Baffa ya ce, “Zauna a tsakiya, kar ki kalli ƙasa, kalli gaba.” Auta ya karɓi filafilin tuƙi. A bakin ruwan nan ya girma, hannunsa bai manta ba.

Muka yi ta tafiya. Ruwan ya yi lumui, ba iska. Gaɓa ta yi ta ƙanƙancewa har aminiyata ta koma kamar ɗigon baƙi. Baffa yana zaune a goshin jirgi yana nuni da haɓa. Ya ce nan fadama ce. Can gaba ya ce yanzu muna kan hanyar kasuwa. Ni ba abin da nake gani sai ruwa, amma ƙafafuna sun san hanyar, har na ji ina lissafa gidaje a raina, gidan maƙera, gidan wanzamai, gidanmu.

Sai ga Dutsen Shanya. A da babban falalen dutse ne a bayan gari, mai faɗi, inda mata ke shanya tsaba da kuɓewa. Yanzu ɗan tsibiri ne da bai fi tsakar gida ba, tsuntsaye sun yi masa fari da kashi. Amma ramukan da muke niƙa a ciki suna nan. Na gane nawa. A gefensa nake ajiye ta a kan zane in ba ta ɓawon rake tana tsotsa.

Baffa ya ce Auta ya ba dutsen baya ya fuskanci gabas. Muka ɗan yi gaba. Ya ce ya dakata. Ya zura gora a ruwa yana lalube, har muka ji ta daki wani abu. Ya ce, “Kututturen tsamiyar maƙabarta ke nan. Ya sha yaga mini koma.” Ya sa aka ɗan karkata dama kaɗan, sannan ya ɗaga hannu. Auta ya fid da filafili daga ruwa ya ɗora a cinya.

Baffa ya ce, “Nan ne. Wana ya kasa ɗaukarta, ya miƙo mini. Ba ta da nauyi. Wajen yara aka sa ta, inda inuwar tsamiya ke kaiwa da yamma. Duk masuntan garinmu in sun zo nan suna ɗaga filafili su yi sallama. Yaran yanzu ma suna yi, ko da yake ba su san don wa ba.”

Na leƙa. Ruwa ne kore, sai fuskar wata tsohuwa a ciki. Na yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari. Baffa da Auta suka ɗaga hannu suna addu'a. Ni kuma na sunkuya har mayafina ya jiƙe, na sa tafin hannu a kan ruwan kamar yadda nake dafa bayanta in tana barci.

Na kira sunanta.

Bakina bai taɓa yin sunan ba, sai ya fito a karkace kamar na mai koyon magana. Na sake kira, ya fito daidai. Na ce, “Ni ce. Innarki ce.” Abin da ban yi ba ranar da na dama kunu, na yi shi a nan, a gaban ƙanen mijina da ɗan cikina, ban kuma rufe fuska ba. Ba wanda ya ce in yi haƙuri. Suka bar ni har na gama.

Ba zan faɗi sunan a nan ba. Wanda ya kamata ya ji ya ji.

Kafin mu juya Baffa ya sa Auta ya dubi dutsen, ya dubi wani tsauni da ke can kudu, ya nuna masa yadda ake haɗa su a gane wurin ko ruwa ya rufe komai. Auta ya ciro waya ya danna ya ce ya ajiye wurin a ciki. Na ce ya ajiye a kansa ma.

A hanyar dawowa, da muka kusa gaɓa, Auta ya dube ni. Ya ce, “Inna, ki yafe mini maganar shekaranjiya.” Na ce ba abin yafewa, da bai yi ta ba da ban zo ba. Ya ce, “To jirgin fa?”

Na ce, “Ka je da matarka, ku ci kifinku ku kawo mini hoto. Ni na je inda zan je. Amma in kun kai tsakiyar tekun, ka tsaya ka yi sallama. Ka ce mini ruwa ne da yashi, ai ba ka leƙa ba.”

Da suka sake tafiya ya bugo mini waya daga can, iska tana kaɗa muryarsa, ya ce ya yi.

Baffa bai ga wata bazarar ba. An yi girbin dawa da shi a kwance, kafin a gama sussuka ya cika. A tudu aka sa shi, Auta ya zo ya kama makara.

Cikin waɗanda suka sha ruwan rijiyar tsohon garinmu da wayonsu, yanzu saura kaɗan. Akwai aminiyata, ido ya tafi amma baki yana nan. Akwai ɗan wanzamin garin, yana Dangora wurin 'yarsa, an ce ba ya gane mutane sosai. Akwai wata 'yar gidan maƙera a Ɗansoshiya, har yanzu tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Ƙanwar uwata ta Doguwa ban ji labarinta ba tun Sallar layya, ban san ko tana nan ba. Sai ni.